A Cire Wa Manu Hula

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulƙadir. Wakilan iyayen ƙasa na Anka da Gummi da Bukkuyum, Allah ya ƙara maku girma. Malamanmu masu daraja. Shugaban alƙalan gasar wasannin al'ada, Dakta Abdussalam. Ma'aikatan gidan rediyo da ke ɗaukar wannan taro. Iyayenmu mata da ke zaune can baya. 'Yan'uwana 'yan wasa. Jama'a manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Sufyanu Makau. Ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Gawo tun bayan rasuwar mahaifina wanda ya kafa ta. Zan yi ƙoƙari in yi magana da Hausar rediyo, domin an taɓa rubutawa a jarida cewa ba a gane Hausar 'yan wasanmu, wai suna cewa "munka tahi" a inda ya kamata su ce "muka tafi". To, yau ba na son kowa ya fita daga wannan zaure ya ce bai gane ni ba.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro. Ina godiya da kujerar da aka ba ni a sahun gaba, abin da 'yan Gawo ba su saba da shi ba, mu da muka saba da bayan rumfa. Ina kuma godiya da wannan lambar yabo da aka miƙo mini yanzu. Ga ta, an rubuta a jikinta da ruwan zinari: gwarzon ɗan wasa na bana, Manu Abdussamad na Gwashi. An kira sunansa, kun tafa, bai fito ba. Shugaban taro ya waiga ya tambaye ni ko mota ce ta ɓata masa lokaci. Ranka ya daɗe, ba mota ba ce. Ku ba ni dama in faɗa maku inda Manu yake da abin da ya kai shi can.

Da farko, bari in tuna maku ko mu su wane ne. Mu ƙaramar ƙungiya ce: malaman firamare, da tela, da mai gyaran babur, da makiyayi. Wasanninmu tsofaffi ne, mahaifina ya tsara su tun kafin a haifi yawancin masu yin su a yau. Da su muka zagaya Anka, da su muka shiga Abare, da su muka bi turɓayar Nasarawa Burkullu har babura suna kafewa a laka. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ƙofar Yamma, labarin wani gari mai ganuwa a zamanin da, da wani mutum mai suna Sanda wanda ya buɗe wa maƙiya ƙofa. Sanda yana sa jar hula. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san wannan jar hula, kuma shekara da shekaru Manu ne ke sa ta.

Muna da wata al'ada wadda mahaifina ya kafa. Idan wasa ya ƙare, ba a watsewa. Wanda ya yi mugu sai ya fito tsakiyar fili, ya cire hularsa, ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu. Manu kan ce: "Jama'a, ni ba Sanda ba ne. Ni Manu ne, ɗan Abdussamad na Gwashi. Ku yahe mani." Jama'a su amsa: "Mun yahe." A wurinmu, wasa bai ƙare ba sai an cire hula.

Mahaifina ba don ado ya ƙirƙiro wannan ba. Ya san mutanensa. Wata rana a Abare, bayan la'asar, Manu na tsakiyar yin Sanda, sai wata tsohuwa mai suna Turai ta tuɓe takalminta ta jefe shi a ƙirji, tana cewa: "Allah shi tsine maka, maci amana! Garin da ya shayar da kai!" Da aka ƙare, ya cire hula, ya faɗi sunansa, sai ta matso ta leƙa fuskarsa ta ce: "Af, ashe ɗan Hamsatu na, mai nono? Yaro, miƙo mani takalmina, taho ka sha hura." Ta ja shi har ƙofar gidanta. Fushinta na gaskiya ne, yafiyarta ma ta gaskiya ce, kuma cire hular ne ya raba mata ɗan Hamsatu da maci amana.

Na biyu, abin da masana suka ce game da mu. Dakta, da girmamawa nake magana, kuma ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ka rubuta ba. Ka rubuta cewa wasanninmu sun tsufa. Mun yarda, sun tsufa, mu ma mun tsufa. Ka rubuta cewa kayanmu tsumma ne, ganuwarmu zana ce. Mun yarda, zana ce, wadda muka ara daga gidan maƙwabci. Amma ka kuma rubuta cewa cire hula ƙauyanci ne, raina hankalin mai kallo ne, wai ɗan wasa na ƙwarai ba ya fitowa yana neman gafara kamar wanda aka kama da akuyar sata. Wannan kam ba mu yarda ba, kuma na same ka har ofis na faɗa maka. Ka yi murmushi ka ce mini: "Malam Sufyanu, mutanen yanzu sun waye, sun san wasa wasa ne."

Sun waye, Dakta? To mu je Gummi.

A gasar Gummi, mun yi Ƙofar Yamma a gaban jama'ar da ba mu taɓa tara irinta ba. Manu ya yi Sanda kamar ba zai sake yi ba. Wasa ya zo ƙarshe, ya fito tsakiyar fili, ya ɗaga hannu ya kama hula. A daidai nan aka ɗaga yatsa daga teburin alƙalai, mai lasifika ya kashe mana murya, mai gabatarwa ya shigo yana kiran ƙungiya ta gaba. Na ruga na ce ba mu ƙare ba. Aka ce mini ƙa'idar gasa ce, lokaci ya cika, kuma wancan ɓangaren ba ya cikin wasa. Manu ya sauka daga dandamali da jar hula a kansa. Ina kallonsa, hannunsa na kan hular, yana waige-waige, bai san abin da zai yi da ita ba.

Wani ya ɗauki wasan da waya. Bai ɗauki zanar ba, bai ɗauki 'yan kallo ba, fuskar Manu kawai ya ɗauka. Ya yanko wuri guda, inda Sanda ke raɗa wa maƙiya: "Ku shigo, ƙofa buɗe take, mazan gari duk sun tahi gona." Ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: infoma. Kun san abin da wannan kalma ke nufi a ƙasar nan. Kun san mutum nawa muka binne saboda masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kun kuma san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa sunan. Ga Manu kuwa Bafillace, ga shi ɗan ruga. Hoton ya shiga waya zuwa waya, daga Gummi zuwa Bukkuyum, daga Bukkuyum zuwa Gwashi, kafin mu kanmu mu isa gida.

Dakta, ban ce kai ka yanka hoton ba. Ban ce ka yi nufin sharri ba. Amma a makon da hoton ke yawo, ka fito a rediyo kana yaba wasan, ka ce Manu ya yi maci amana har mai kallo ya manta wasa ne. Gaskiya ka faɗa. Sun manta.

Na uku, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, shi ne ku, jama'a. Masana ba su san Manu ba, ku kun san shi. Kun yi dariya da shi, kun ba shi ruwa, kun amsa masa "mun yahe" a Anka, kun amsa masa a Abare, kun amsa masa a Nasarawa Burkullu. Da hoton ya shigo wayoyinku, da yawanku kun gane jar hular nan take. Wa ya ce uffan? Wa ya tsaya a majalisa ya ce wannan Ƙofar Yamma ce, na kalla tun ina yaro? Na tambayi wani da muka yi makaranta tare, wanda bai taɓa fashin wasanmu ba. Ya dubi ƙasa ya ce: "Sufyanu, na sani wasa na. Amma hwa wa ya san cikin mutum? Kuma ka ga yadda ya iya shi." Ku ji fa. Iyawarsa ce ta zama shaidar da za a kama shi da ita.

Mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, ta kai nono kasuwar Nasarawa Burkullu, inda take zama tun tana amarya. Ta wuni ba wanda ya buɗe ƙwaryarta. Matan da suka saba zama kusa da ita suka janye tabarminsu. Bayan haka wasu samari suka je rugar su Manu ɗauke da sanduna da adduna suna tambayar Sanda. Sanda suka ce, ba Manu ba. Allah ya sa yana bakin rafi da shanu, aka kai masa labari, ya bi ta cikin dawa ya tsere da rigar da ke jikinsa. Yanzu yana wata jiha a wurin dangi, kuma ba zan faɗi sunan garin a gaban lasifika ba. Matarsa Raihana ta haihu bayan tafiyarsa. An yi suna babu uba. Gerona ya nuna, nasa ma ya nuna, tsuntsaye ke ci.

To yau an kira ni in karɓar masa lambar yabo. Ina zai rataye ta? A wane ɗaki?

Inna Hamsatu tana cikin zauren nan. Inna, don Allah miƙe jama'a su gan ki. Ita ta kawo mini wannan da safe, a ƙulle cikin gefen zanenta. Ga ta, jar hular Sanda. Ta ce mini: "Suhyanu, kai ka aza ma ɗana wagga hula. Ka kai ma manya su cire mashi, ni na kasa."

Saboda haka ga roƙona, kuma ba kujera nake roƙo ba, ba kayan wasa ba. Na ajiye hular a kan teburin nan, kusa da lambar. Ma'aikatan rediyo, ku bar na'urarku a kunne, kada a ɗaga maku yatsa. Ina roƙon shugaban taro, ina roƙon wakilan iyayen ƙasa, ina roƙon Dakta Abdussalam, kowa ya zo gaban lasifikar nan ya faɗa da bakinsa cewa mutumin da ke cikin hoton ɗan wasa ne, wasa yake yi, kuma sunansa Manu ɗan Abdussamad. A sa shi a rediyo, a sake sa shi ranar kasuwar Nasarawa Burkullu, a aika wa mai garin Gwashi, har maganar ta isa duk inda hoton ya isa. In an yi haka, ni da kaina zan je in ɗauko shi ya zo ya karɓi lambarsa. In ba a yi ba, ku riƙe abinku, Gawo ba za ta sake hawa dandamali ba, domin muna da wasan da ba mu ƙare ba.

Abu ɗaya kawai zan sauya a al'adar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yau ba za a ce "ku yahe mani" ba. Manu ya daɗe yana neman gafararku a kan laifin da bai yi ba, kuna ba shi kuna dariya. Na ce zan yi Hausar rediyo, amma wannan bari in faɗe ta yadda munka saba: wanga karon, ku ad da neman gahwara, ba shi ba. Ga Inna nan tsaye. In kun tashi, ku bi ta gabanta.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya. Allah ya tona asirin masu buɗe ƙofa na gaskiya, ya kare bayinsa daga ƙazafi. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da waɗanda suka gudu gidajensu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna wa Manu fuskar ɗansa.

Na gode.