Sai Baba Ya Amince

Assalamu alaikum Malam da masu sauraron wannan shiri, barka da aiki. Ni ce Maman Hanifa daga Bukit Jalil a Kuala Lumpur, inda maigidana yake karatun digiri na uku.

Ana tsakiyar kullen korona aka gano yana da kansar huhu, mutumin da bai taɓa kai sigari bakinsa ba. Ga shi babu jirgin komawa gida. Maganin farko bai karɓe shi ba. Wata biyu ina buga waya asibiti-asibiti, ina neman inda ake gwajin sabon magani. Da ƙyar muka samu. Aka auna jininsa, likita ta ce ya dace, saura sa hannu.

Sai ya ce ba zai sa ba sai Baba ya amince. Baba kuwa daga Kano ya ce a dakata ya tara 'yan'uwa, ba za a mai da ɗansa abin gwaji ba. Mako uku ana shawara! Ranar da suka yarda na kira asibitin da murnata, wata ma'aikaciya ta ce, "Ki yi haƙuri, an gama ɗaukar mutane."

Wallahi Malam na gaji. Yanzu likitar ta ce za a buɗe wani gwajin. Masu sauraro, ku ba ni shawara don Allah: in lallashe shi ya sa hannu kafin mu gaya wa Baba, ko mu sake jira? Ina rubutun nan ina jiyo tarinsa daga ɗaki, kuma shi tarin bai taɓa jiran izinin kowa ba.