Binnen Da Na Yi A Gonar Bayan Rafi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetona. Sunana Rifkatu. Ba zan ɓoye muku ba, wasu a cikinku na gaishe su ne don suna cikin ɗakin Ubangiji kawai.

Kun san shekarar farin nan da ta wuce. Maigidana ya ji ana cewa kuɗin mai ya cika Ikko, ya hau mota ya bi 'yan aikin gini. Har yau ko saƙon baki babu. Ya bar ni da yara da rumbu wayam, sai ɗan irin gero da na rufe a tulu na liƙe bakinsa da laka.

Bazara na yi, sai ga wansa, Yaya Tanko, har ƙofar ɗakina, ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Ke Rifkatu, gonar bayan rafi ta ubanmu ce. Ruwa na sauka, in ba shuka a cikinta, ni zan shuke ta. Dattawa sun yarda."

Na ce, "Yaya, 'ya'yan ƙanenka fa, ƙasa za su ci?"

Ya ce, "Kai su gidanku."

Wa ya tsaya mini? Babu! Matan zumunta na cocinmu ma cewa suka yi in daka irin in yi wa yara kunu, wai Allah zai kawo wani. Na tsani Yaya Tanko. Har na rame.

Ran kasuwar Zango gari ya watse, na durƙusa gaban tulun nan. Addu'ata ba mai ladabi ba ce. Na ce, "Ubangiji, in Kana nan, yau nake son gani!" Ina cikin kuka sai zuciyata ta kwanta, na ji abu ɗaya: tashi ki yi binne.

Binne, 'yan'uwa! A zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ba hadari. In yayyafi kawai aka yi, ya tsiro ya ƙone, shi ke nan na rasa iri, na rasa gona. Na fasa bakin tulu, na ɗauki sungumi. Yara na kukan yunwa, ni ina binne abincinsu. Kafin 'yan kasuwa su dawo, iska ta shafe sawuna.

Da ruwa ya tashi zuwa, bai zo da wasa ba, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Washegari ina bakin gonar, sai ga Yaya Tanko ya shiga da ƙwaryar irinsa. Ya sara, sai ga gerona ya kumbura. Ya matsa gaba ya sara, haka. Ya sake, haka.

Na ce, "Yaya, a hankali, kada ka tone wa marayu shuka."

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya fita. Halleluya!

Da kaka, Ruhu ya matsa mini in kai masa dami. Na kai, amma jefar da shi na yi a ƙofar gidansa, ban yi da fara'a ba. Gafarar da aka binne a zuciyata har yanzu ba ta fito ba, ku yi mini addu'a.

Na gode wa Yesu, gonar tana hannuna, yarana sun ci tuwo. Ku dogara gare Shi tun sama na fari fat. Ga Yaya Tanko can a bencin baya, duk wanda ke shakka ya tambaye shi.