Askakkiyar Gira

A tashar motar garin Ubon, inda samari kan aske kai da gira su shiga zuhudu a gidan ibada don iyayensu su samu lada, wata tsohuwa mai gasa ayaba ta ƙura wa wani mai kyamara ido.

"Ɗana, kai da gira duk a aske. Zuhudu ka shiga?"

"Na wuni ɗaya, Inna, saboda jana'iza. Jiya aka ƙona gawar mahaifiyata."

"Wayyo, sannu. Ai dai ka taɓa shiga tana raye, ta samu ladan?"

"Kullum sai in ce mata baɗi. Aiki ya hana."

"Aiki! Ministan ina ne kai?"

"Fim nake yi, na rayuwar mutane. Har kyauta na ciyo a ƙasar waje."

"A kan me?"

"A kan samarin da ke shiga zuhudu saboda iyayensu mata. Ƙauye-ƙauye na bi, ina ɗaukar fuskar kowace uwa lokacin da take sa almakashi a gashin ɗanta."

"Ita taka ta gani?"

"Har ƙarshe. Ta share ido ta ce, 'Kai, matan nan sun ji daɗi.'"

"Kai kuma ka ce me?"

"Godiya na yi mata, Inna. Na ɗauka fim ɗin take yabo."