Malafar da Inna ta saƙa mini

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku gafarce ni da na tsaya gabanku da malafa a kai, yanzu za ku ji dalili.

Kun dai gan ni, zabiya ne. Ina yaro a Ɗan Barto, Inna ce ke saƙa mini malafar kaba da hannunta. Kafin mu tafi gonar rake sai ta ɗaure mini ita a haɓa, ta ce, "Ɗan nan, kai da rana ba kwa ga maciji." Har yau ina jin ƙamshin sabuwar kabar nan. Kai, ina kewar Inna!

Da na zama saurayi na dawo Matameye, abokai suka sa mini suna tsohon makiyayi saboda malafar. Na jefar da malafa. Girman kai rawanin tsiya!

Bayan shekaru wani ƙurji ya fito mini a kunnen hagu, ya ƙi warkewa. Na bi wanzami, ya yi ta tsaga. In wurin ya kumbura ya yi ja, sai mu ce magani ya ci. Abin kuwa sai faɗi yake ƙarawa.

Matata Rahila ce ta ja ni asibiti a Damagaram. Likita ya ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo shi. Ya ce, "Baba, jikinka na da dakarun da ke tsaronsa. Duk tsagar da aka yi sukan rugo su gyara wurin, to ciwon nan yakan juya waɗansunsu su koma yi masa aiki. In an ƙara jinkiri, ba kunne kaɗai zai ci ba."

A gindin wata bishiya a asibitin na durƙusa, na ce, "Ya Ubangiji, na yar da inuwar da uwata ta yi mini. Kai kada ka yar da ni."

Aka yi aiki, aka yanke rabin kunnen. Damina uku ke nan ina komawa awo, ba a ga kome ba. Halleluya!

Wannan malafar Rahila ce ta saƙa. Ba ta kai ta Inna kyau ba, ga Rahila can tana hararata, amma ba na cire ta.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, in ƙurji ya ƙi warkewa kuma ku nufi asibiti. Da rabin kunne nake jin maganar Inna yau, wadda na ƙi ji da kunne biyu. Amin.