Hannun Hagun Hansai

A bakin titin Unguwar Shanu, wani ma'aikaci riƙe da jarida da wata dattijuwa suna jiran bas.

"Hajiya, kin ga 'yar Kadunan nan, Hansai Maliki? Ta cinye kofin tanis a Legas. Idan ƙwallo ta zo ta dama, ta buga da dama. Idan ta zo ta hagu, sai ta mayar da raket hannun hagu ta maka ta. An ce kocinta Bature ne ya koya mata."

"Wane Bature? Malam, ni ce na koya mata."

"Ke, Hajiya? Kin taɓa shiga filin tanis?"

"Ko ƙofarsa ban sani ba. Ni goggonta ce, a hannuna ta tashi. Bahaguwa aka haife ta. Duk sanda ta kai hagu cikin kwanon tuwo, sai na ƙwala mata muciya, har damar ta zauna. Hagun kuwa ta ƙi mutuwa. Shi ya sa yau abokiyar wasanta ba ta san inda za ta jefa mata ƙwallo ba."

"Ikon Allah. To yanzu da wane hannu take cin tuwo?"

"Da dama mana, gidana ne. Miƙo jaridar in gani."

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ka ga 'yar banza, da hagu ta ɗaga kofin."

"Za ki yi mata faɗa ke nan?"

"A'a. Wannan hannun ya gama shan dukansa."