An Ce An Biya Ni Garatuti

Alheri da salama su tabbata a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ke cikinmu, sunana Ishaya. Malamin gona ne ni a ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Daga Malikanchi zuwa Furana babu ƙauyen da ban shiga da babur ba ina koya wa manoma sa taki. Na tsaya yau in faɗi abin da Allah ya cire ni daga ciki, don ya kusa kai ni kabari.

Bayan na ajiye aiki, fansho bai fara zuwa ba, garatuti kuma shiru. Muna ta haƙuri. Sai wata safiya rediyo ta ce an saki kuɗin 'yan ritaya. Na duba waya, babu komai. Na je banki, babu. Na je ofis, aka ce sunana na cikin rukuni na gaba.

Amma gari ya riga ya ji rediyo.

Ranar kasuwar Ikara, mai nama ya hango ni ya ɗaga murya: "Malam Ishaya, barka da arziki! Yau kam sai cinya."

Na ce, "Ba a biya ni ba fa."

Ya yi dariya, ya kashe mini ido. "Haka ake cewa, Malam. Mu ma ba za mu faɗa wa kowa ba."

Kafin mako ya zagayo, Luka ɗan ƙanena ya zo da maganar babur ɗin haya da yake so in saya masa. Na rantse masa ba ni da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba," irin amsar wanda bai yarda ba. Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan zakka, ni kuwa na ga kamar ni kaɗai yake kallo.

Wanda ya fi yi mini ciwo a cikin gida ya faru. Matata Saratu ta kawo mini tuwo, ta zauna, ta ce, "Maigida, in an biya ka, ka gaya mini. Ba zan taɓa ko kwabo ba. Mata ne ke ta yi mini barka, ni kuma ban san me zan ce musu ba."

Na ture kwanon. Na ce, "Har da ke?"

Daga ranar zuciyata ta juya. Tunda kowa na zargina, ni ma na shiga zargin kowa. Kun san zamanin da muke ciki: a ce mutum yana da kuɗi a gida, ba ƙaramin haɗari ba ne. Duk mun ji labarin waɗanda aka ɗauke, kuma kullum ana cewa na kusa ne ya nuna gidan. Sai na fara tambayar kaina: wa zai nuna nawa?

Wanda ya gaishe ni da fara'a, in ce so yake ya ji wani abu. Wanda bai gaishe ni ba, in ce ya gama shirya mini. Na daina zuwa sujada. Abinci in ba a gabana aka zuba ba, ba na ci. Tsohon abokin aikina ya kira ni ya tambayi lafiyata, na kashe wayar, na ce a raina da shi aka haɗa baki aka cinye kuɗina a ofis.

Amma wanda na fi sa wa ido shi ne maƙwabcina Malam Garba, mai shanun huɗa. Musulmi ne, mun daɗe muna zaman lafiya, katanga ɗaya ta raba mu. Damina ta faɗi, kullum sai ya yi sallama a ƙofata.

"Malam, yaushe za ka gona?"

"Ban sani ba."

"Gobe fa? Da safe za ka ko da yamma?"

Me ya sa yake son sanin lokacin da zan kasance ni kaɗai a daji? Na ce a raina, ga shi nan, na gano shi. Na daina zuwa gonar gaba ɗaya. Kowa ya yi shuka, tawa ciyawa ta rufe ta. Ga fansho babu, ga noman da zai ciyar da mu na watsar.

Barci ya ƙaurace mini. Wata rana na tashi daga kujera, jiri ya kwashe ni na faɗi. A asibiti aka ce jinina ya hau sosai. Ko maganin da aka ba ni sai da na juya shi ina dubawa.

Da na ɗan samu sauƙi, hatsin rumbu ya kusa ƙarewa. Na ga in ban shuka ko wake ba, yunwa za ta kashe mu. Na saɓa fartanya da hantsi ban gaya wa kowa ba, na bi ta bayan gonakin rake don kada a gan ni.

Ina hango gonata sai na ga mutane a ciki. Na laɓe bayan wata ɗorawa. Na ce yau ta ƙare, ko jirana suke yi, ko gonar suka ƙwace.

A gindin ɗorawar nan na durƙusa. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ban ƙara sanin masoyi da maƙiyi ba. Idanuna sun lalace, ka ba ni naka in duba da su. In mutuwa ce, ka karɓe ni. In ba ita ba ce, ka cire mini wannan tsoro."

'Yan'uwa, wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjina. Halleluya! Na miƙe na nufe su.

Malam Garba ne riƙe da garma, shanunsa na ja. Wanda ke gaba da igiya kuwa Luka ne. Sun kusa gama huɗar rabin gonar. Saratu na biye da su tana jefa iri.

Na ce, "Malam Garba, mene ne haka?"

Ya tsayar da shanun, ya share zufa. "Na yi ta tambayarka ranar da za ka fito in kawo shanu, ka ƙi faɗa. Ƙasa kuma ba ta jira. Shi ne na ce wa mai ɗakinka mu zo kawai."

Bakina bai daina halinsa ba. Na ce, "Nawa zan biya? Ka san dai ba a..."

"Na sani, Malam," in ji shi. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gonakin mutane, da an biya shi zai bar tasa ta zama haka? Ni ban taɓa yarda da maganar nan ba."

Wata da watanni ina rantsuwa babu mai gaskata ni. Ashe wanda ya gaskata ni tun farko shi ne wanda na ɗauka zai sayar da ni. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka kamar yaro.

Yau fansho na wata-wata ya fara shigowa. Garatuti har yanzu ina jira, kuma na san akwai masu duban takalmina ko sabo ne. Ku duba da kyau, tsohon ne! Amma ina barci, ina cin tuwon matata, jinina ya sauka, ga ni kuma a tsakiyarku.

Na gode wa Ubangiji da ya warkar da ni. Tsofaffi 'yan'uwana da ke jiran haƙƙinku, ku ci gaba da bin sawunsa a ofis, kada ku fasa. Amma kada ku bar jira ya raba ku da mutanenku. Ku dogara ga Yesu, shi ya riƙe ni a lokacin da ban yarda da kowa ba, zai riƙe ku.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.