Zoben da Delmer Ya Ɗaure

Shugaban wannan ƙungiya ta maharban kwarinmu, Wendell Krogstad. Tsofaffin shugabanni, da masu ji da waɗanda suka bar na'urar kunnensu a mota. Verna da matan da suka dafa mana naman barewa da wake. Babban baƙonmu Delmer Haugen da uwargidansa Arlene. Jama'ar da suka zo domin Delmer, da waɗanda suka zo domin waken: ina gaishe ku duka.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar in yi magana kan ƙarfen matsi, wato ƙarfen nan da muke matse kwanson harsashi da shi bayan an harba, ya koma girmansa kafin a sake cika shi. Delmer ne ya koya wa rabin ɗakin nan, shi ya sa muke karrama shi yau.

Na farko, a shafa wa kwanso mai. Wanda bai shafa ba, zai yini yana ciro kwanso daga ƙarfe, yana faɗin kalmomin da ba a faɗa gaban Verna.

Na biyu, kowace bindiga da cikinta, kowane ƙarfe da bindigarsa. A murɗa ƙarfen kaɗan, a gwada kwanson a bindiga. A ƙara kaɗan, a sake gwadawa. Sai sakatar bindiga, wadda ke rufe harsashi a ciki, ta rufe ba gardama, sannan a ɗaure zoben kulle da ke riƙe ƙarfen a daidai wurin. Idan an ɗaure, an ɗaure.

Na uku, kada mutum ya taɓa zoben wani. A nan zan ɗan daɗe.

Shekara ashirin da uku Delmer yana saka sunansa a ƙuri'ar izinin harbin ragon dutse, shekara ashirin da uku ba ta faɗo masa ba. Da ta faɗo, ya hau dutse kwana tara da gwiwoyin ɗan shekara sittin da takwas. Rana ta tara rago ya tsaya a gabansa. Ya tura harsashi, sakata ta ƙi rufewa. Ya tura na biyu, ta ƙi. Ya tura na uku. Ragon ya dube shi, ya gama cin ciyawarsa, ya tafi.

Da ya sauko na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Tsufa ne, Orval. Hannuna ya fara yi mini ƙarya." Na ce, "Haka ne, tsufa ba kyau." Na ƙara masa kofi.

Jama'a, ba tsufa ba ne. Ni ne. Wata guda kafin tafiyar na ari ƙarfensa, na kwance zoben da ya ɗaure tun kafin a haifi 'yata, na mayar da ƙarfen baya kaɗan domin tawa bindigar, na sake ɗaurewa a haka. Na dawo masa da shi a akwatinsa, a goge, ban ce komai ba. Da shi ya matse harsasan tafiyar, suka yi wa bindigarsa girma. Kuma bai gwada su a gida ba, domin shekara talatin zoben bai taɓa cin amanarsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune kusa da shi a coci da wannan abu a ciki, kuma ina jin kunya.

Makon jiya na je wurin Arlene in nemi shawarar yadda zan faɗa masa. Ko ɗago kai ba ta yi daga ƙullun da take murzawa ba. Ta ce, "Kai dai Orval, wawa ne kai tun kana saurayi. Da jan farcena Delmer ya ɗiga alama a zoben nan. Ranar da ya sauko daga dutse ya duba, ya ga alamar ta goce." Na ce, "To me ya hana shi magana?" Ta ce, "Cewa ya yi rago ya riga ya tafi, ba zai bi shi da aboki ba. Amma yana ƙirga shekarun."

Delmer, sha ɗaya ne. Ka yafe mini.

Allah ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi, ya bar Arlene da jan farcenta. Allah ya sa sakatar kowa ta rufe a ranar da yake bukatarta, ya mayar da kowa gida lafiya. Wendell yana nuna mini agogo.

Na gode.